Jinjina ga Masu Binciken Gawa a Gaɓar Teku

A watan Satumbar 2012 wani garken manyan dabbobin teku masu shayarwa ya maƙale a gaɓar Pittenweem da ke Sikotlan. An ceto wasu, da yawa suka mutu. Ma'aikatan SMASS, hukumar da ke binciken dabbobin tekun da suka maƙale a gaɓa, likitocin dabbobi da 'yan sa-kai, su ne suka durƙusa cikin wari da iska mai sanyi suna feɗe gawarwakin, suna ɗiban hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa kafin su ruɓe.

Sannunsu da aiki, domin ba kowa ne zai iya shi ba. Daga abin da suka ɗebo masanan Jami'ar Aberdeen suka auna dabbobi 21, suka ga zaiba tana ƙaruwa a jiki gwargwadon shekarun dabba, har ma sinadarin kadmiyom ya isa cikin ƙwaƙwalwa. Zaibar nan hayaƙin kwal da haƙar zinariya ke watsa ta; ƙananan halittun da ido ba ya gani a ruwa su ƙara mata guba, ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye shi, ta taru a hantar na ƙarshe.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsantsenin masanan: ba su yi garajen cewa gubar ce ta jefo dabbobin kan tudu ba. Iyakar abin da awo ya nuna suka faɗa.