Gwanin da Ke Shigo da Kogi Cikin Ɗaki

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan gadar Binuwai a Garwa, ya bi ruwan da kallo yana gangarawa Yola, ya ga asirin lafiyar kifi ko da bai lura ba. Ruwan da kifi ya kwana ciki jiya ba shi ne ya wayi gari a ciki ba. Tun daga madatsar Lagdo da aka kammala a 1982, kusan kilomita 50 daga gari, tafe ruwan yake dare da rana, yana kwashe ƙazanta yana kawo sabo. Ranar da ka zuba 'yan karfasa ko kifin ado a akwatin gilashi ka ajiye a falo, ka raba su da wannan gata. Akwai masu hannun da suka iya mayar musu da shi, kuma aikinsu na burge ni ƙwarai.

Ruwa ba ya tsami banza. Kifi na fitar da guba mai suna amoniya, sauran abincin da ya nutse shi ma ruɓewa yake ya ƙara ta. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune jikin tsakuwa da soson tacewa, su ke juya gubar zuwa sinadari mai sauƙin illa. Sai dai shi ma taruwa yake, kuma ɗibar ruwa ce maganinsa. A Garwa lamarin ya fi tsanani. A watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi, amoniya kuma ƙara dafi take yi da zafi. Idan iska ta shanye ruwa ka ciko akwatin, ba canji ka yi ba, domin ruwa zalla ne ya tashi, dattin yana nan. Idan kuma ka juye duka ka goge tas da sabulu, ka kashe bakteriyar da ke yi maka aiki, ka kuma gigita kifin da baƙon ruwa.

Gwani ba ya bin ko ɗaya daga hanyoyin nan biyu. Da mafita yake farawa, kafin ya yi maganar mashiga. Zai auna inda yake so ruwa ya tsaya, ya ɗiga alama a gilashi, ya kewaye wurin da ƙullun laka kamar ƙaramin gurbi, ya cika shi da ruwa don kada gilashin ya ɗau zafi. Sannan ya ɗora bakin injin huji mai ƙurar lu'ulu'u, ba dannawa, ba gaggawa. Sai ka ga ruwan gurbin ya yi fari kamar tsala, shi ko hannunsa ko motsi. Dab da ɓullewa yake ƙara sassautawa, don a nan gilashi ke tsagewa. Ya kuma san akwai gilashin da aka gasa don ƙarfi, wanda ba a huda shi sam, tarwatsewa yake yi.

A ramin nan yake ɗaura bututu mai gwiwa, duk ruwan da ya haura alama ya bi ta nan ya fita. Ga inda basira take: ruwan da ke saman akwatin shi ne mai dama-dama, datti a ƙasa yake kwanciya. Don haka sai ya sanya wa bututun riga, wato wani bututu mai faɗi da ya ɗara shi tsawo, mai tsaga a gindi. Dole ruwan da zai fita ya shigo ta ƙasa, ya hau tsakanin bututun biyu, ya faɗa na ciki. Ba inji, ba wuta. Nauyin ruwa ne ke yin aikin.

Mashiga kuwa jarka ce ko ƙaramin tanki da aka ɗora sama da akwatin, a inuwa, don ruwan da ya yini a rana yana iya kashe kifi. Ruwan famfo akan bar shi ya kwana a buɗe, kulorin ɗin da ke ciki ya fice. Na burtsatse kan zo da ƙarancin iska, sai a bar shi ya riƙa faɗowa daga ɗan nesa yana fantsama. Daga jarkar ake jawo siririn tiyo irin na ƙarin ruwa a asibiti, mai ɗan gare-garen nan da ake murzawa da babban yatsa. Wanda ke son jarkar ta riƙa cika kanta sai ya sa mata ƙwallo irin na tankin ban-ɗaki, mai rufe famfo idan ruwa ya kai.

Yanzu sai lissafi. Ɗigo 20 na irin wannan tiyo kusan mililita ɗaya ne. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya haura lita 4 a yini da kwana, kusan lita 30 ke nan a mako. Da yayyafi kogi kan cika. Amma gwani ya san sabon ruwa na gauraya da tsoho kafin ya fita. A akwati mai lita 100, lita 30 ɗin nan kusan lita 26 na tsohon ruwa za su kora. Ko lita 100 cif ka ɗiga, kusan 63 ne za su tafi. Shi ya sa za ka gan shi tsugune da agogo a hannu, idonsa kan ɗigon, leɓɓansa na motsi, yana murza gare-garen kaɗan kaɗan har ƙirgen ya zauna.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne yadda yake tunanin ranar da abu zai ɓaci tun bai ɓaci ba. Mafita ta fi mashiga faɗi nesa ba kusa ba. Akwai raga a gindin rigar don kada ɗan kifi ya bi ruwa. Ya bar sarari a saman akwatin, ko bututu ya toshe ba za a wayi gari tabarma na iyo ba. Kuma yakan jaddada wa mai gida cewa dabarar ba ta ɗauke masa duba raga da zuƙe dattin cikin tsakuwa ba.

Wannan hikimar ce dai ke aiki a tankunan siminti na masu kiwon tarwaɗa, girma ne kawai ya bambanta. Ruwan da ya fita ma ba asara ba ne, taki ne. Gwani kan ja tiyon ta ƙarƙashin taga ya kai shi gindin zogale da yakuwa a tsakar gida. A tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ta ƙone ko'ina, za ka tarar da ɗan wurin nan kore shar, a ɗaki kuma kifi na kai da komo cikin ruwan da ba shi ne na jiya ba.