Saɓanin 'Yan Kallo da Matarka a Kan Fim ɗin Van Helsing: Nazari da Sharhi

1.0 Gabatarwa

A ranar 7 ga watan Mayu na shekarar 2004 kamfanin Universal na Amurka ya fitar da wani fim mai suna Van Helsing, wanda Stephen Sommers ya rubuta labarinsa, ya kuma ba da umarni. An kashe kimanin dala miliyan 160 wajen shirya shi, shi kuma ya tara kusan dala miliyan 300 a gidajen silima na duniya. Duk da wannan ciniki, mafi yawan matarka, wato masu sharhin finafinai a jaridu da mujallu, sun yi masa kaca-kaca. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma sama-sama zai iya ɗauka cewa jama'a sun rungumi fim ɗin, masana ne kawai suka juya masa baya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta sake duba wannan saɓani. Za ta yi ƙoƙarin nuna cewa tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ba ta kai yadda ake zato ba, kuma matarkan sun dace a hukuncinsu, sai dai sun ɗora laifin a kan siddabarun kwamfuta, alhali kuwa cutar tana cikin zubi da tsarin labarin ne.

2.0 Asalin Dodannin Fim ɗin

Dodannin da aka tara a cikin wannan fim duk 'ya'yan wani reshe ne na adabin Ingilishi da ake kira adabin Gotik, wanda masana ke danganta farkonsa da littafin Horace Walpole mai suna The Castle of Otranto na shekarar 1764. Alamomin wannan reshe su ne tsofaffin fadoji, da duhu, da maƙabartu, da wani tsohon laifi da aka binne wanda ke dawowa ya addabi masu rai. A shekarar 1818 Mary Shelley ta fitar da Frankenstein, labarin wani ɗalibin kimiyya da ya haɗa halitta ya sa mata rai, sannan ya guje ta. A 1886 Robert Louis Stevenson ya kawo labarin Dakta Jekyll da Mista Hyde, mutum ɗaya mai hali biyu. A 1897 kuma Bram Stoker ya rubuta Dracula, labarin wani basarake mashayin jini daga yankin Tiransilbaniya, wanda ke cikin ƙasar Romaniya a yau. A cikin wannan littafi na ƙarshe ne aka fara jin sunan Abraham Van Helsing, wani dattijon farfesa kuma likita daga birnin Amsterdam, wanda makaminsa shi ne ilimi da haƙuri.

Abin lura shi ne kowane ɗaya daga cikin waɗannan dodanni yana ɗauke da wata tambaya. Halittar Frankenstein tana tambaya a kan haƙƙin abin da aka samar a kan wanda ya samar da shi. Hyde yana tambaya a kan muguntar da ke ɓoye a zuciyar mutumin kirki. Dracula kuwa baƙo ne mai shiga gida cikin dare ya mayar da na gida irinsa. Kamfanin Universal ya mayar da su fim tun da wuri: Dracula da Frankenstein a 1931, inda Bela Lugosi da Boris Karloff suka fito, sai The Wolf Man a 1941, labarin mutum mai rikiɗa ya zama kyarkeci.

3.0 Taƙaitaccen Labarin Fim ɗin

Sommers ya sauya wa tauraron suna daga Abraham zuwa Gabriel, ya kuma mayar da shi jarumi majiyi ƙarfi wanda ya manta asalinsa, yana yi wa wata ƙungiyar asiri da ke Fadar Batikan aikin farautar dodanni. Hugh Jackman ne ya fito a wannan matsayi. Bayan ya gama da Mista Hyde a birnin Faris, sai aka tura shi Tiransilbaniya tare da wani malamin coci mai ƙera makamai da ake kira Carl, domin ya taimaki Anna Valerious, wadda Kate Beckinsale ta fito a matsayinta. Kakan kakannin Anna ya yi alwashin cewa zuriyarsa ba za ta shiga aljanna ba sai an kashe Dracula, ga shi kuma zuriyar tana gab da ƙarewa.

Shi kuwa Dracula, wanda Richard Roxburgh ya fito a matsayinsa, yana da mata uku da ɗimbin 'ya'ya da ake haifa matattu, don haka yake neman halittar Frankenstein domin ya yi amfani da ita ya sa musu rai. A ƙarshe Van Helsing, wanda kyarkeci ya riga ya cije shi, ya rikiɗa ya kashe Dracula, sannan cikin haukar rikiɗar ya hallaka Anna a daidai lokacin da take soka masa allurar warkewa. An cusa duk wannan a cikin minti 131.

4.0 Ra'ayin Matarka

A dandalin Rotten Tomatoes, inda ake tattara sharhin matarka, waɗanda suka yaba fim ɗin ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ana iya kasa ƙorafinsu gida uku. Na farko, siddabarun kwamfuta sun yi yawa har sun danne labari, fim ɗin ya zama holoƙo. Na biyu, babu sararin numfashi, domin daga wannan faɗa sai wancan, ga kiɗan Alan Silvestri yana tashi babu ƙaƙƙautawa. Na uku, an wulaƙanta gadon finafinan 1931, an ɗauki dodanni masu daraja an mayar da su abin wasan yara.

Sai dai ba dukkan matarka ne suka taru a kan wannan ba. Roger Ebert na jaridar Chicago Sun-Times ya ba fim ɗin tauraro uku cikin huɗu, bisa hujjar cewa shirme ne, amma ga ƙayatarwa ga nishaɗi. Wannan ya nuna cewa ko a tsakanin matarkan akwai mudu biyu na awo: masu auna fim ɗin da mudun ban tsoro, da masu auna shi da mudun wasan motsa jini.

Ƙorafi na uku yana buƙatar gyara. Tara dodanni a fim ɗaya ba Sommers ne ya fara shi ba. Kamfanin Universal da kansa ya yi haka a Frankenstein Meets the Wolf Man na 1943, da House of Frankenstein na 1944, da House of Dracula na 1945, har a 1948 ya haɗa dodannin da 'yan barkwancin nan Abbott da Costello. Saboda haka Van Helsing yana da gado, sai dai gadon shekarun 1940 ne, lokacin da kasuwa ta riga ta fara tatsar dodannin. Matarkin da ya ce an ci amanar wani tsarkakakken gado ya manta rabin tarihin.

5.0 Ra'ayin 'Yan Kallo

A ƙarshen makon farko fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 51 a Amurka, ya zo na ɗaya. Amma cinikin makon farko yana nuna ƙarfin talla ne da farin jinin taurari, tun da masu sayen tikiti a lokacin ba su ga fim ɗin ba tukuna. Jackman yana tashe saboda finafinan X-Men, Beckinsale kuma ta fito a Underworld a 2003, shi kuwa Sommers an san shi da The Mummy na 1999 da The Mummy Returns na 2001. Ainihin hukuncin jama'a yana fitowa ne a mako na biyu, bayan waɗanda suka kalla sun ba 'yan'uwansu labari. A wannan mako cinikin ya faɗi da fiye da rabi, fim ɗin Troy ya karɓe matsayin farko. Jimlar abin da aka samu a Amurka ta tsaya a wajen dala miliyan 120, wato ƙasa da kuɗin shiryawa.

Haka kuma kamfanin CinemaScore, wanda ke jin ra'ayin 'yan kallo a daren farko, ya samu sakamakon B. Ga fim irin wannan, wanda masu ɗokinsa ne ke cika zaure a daren farko, wannan sakamako yabo ne mai sanyi. Bugu da ƙari, gidajen silima kan riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, ga kuma kuɗin talla da ba ya cikin lissafin shiryawa. Wannan ne ya sa dala miliyan 300 ba ta zama gagarumar riba ba. Ba a yi kashi na biyu na fim ɗin ba, haka ma shirin talabijin mai suna Transylvania da aka tsara wa tashar NBC bai tabbata ba. Daga nan za a fahimci cewa 'yan kallo sun fi matarka sassauci, amma ba su yi wa fim ɗin irin son da ke sa a koma kallo har sau biyu ba.

6.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Idan da siddabarun kwamfuta ne laifin, to da matarka sun ƙi sauran finafinan zamanin. Watanni kaɗan kafin fitowar Van Helsing, fim ɗin The Return of the King ya lashe lambobin Oscar 11, alhali cike yake da irin waɗannan dabaru, kuma ɗaya daga cikin taurarinsa da aka fi yabawa, wato Gollum, da kwamfuta aka zana shi. Shi kansa The Mummy na Sommers, wanda kamfanin Industrial Light & Magic ya yi wa aikin siddabaru kamar yadda ya yi wa Van Helsing, ya samu karɓuwa mafi kyau wurin ɓangarorin biyu. Ke nan dole a nemi matsalar a wani wuri.

Matsala ta farko ita ce rashin ɓoyo. Tsoro yana rayuwa ne a kan abin da ido bai gama gani ba. Manazarta adabin baka sun san wannan, domin Dodo a tatsuniya ba a cika siffanta shi daki-daki ba, mai sauraro ne ke ƙera shi a zuciyarsa gwargwadon tsoronsa. A fim ɗin 1931 ba a nuna fiƙar Lugosi ba, ba a kuma nuna cizon a fili ba, amma idanunsa da jinkirin maganarsa sun wadatar. A Van Helsing kuwa matan Dracula suna shawagi a kan ƙauye da rana tsaka a ƙarƙashin gajimare, ana ganin kowace gaɓa tasu, jarumi yana ta harbinsu da baka mai sarrafa kanta. Dodon da aka gani sarai ya tashi daga abin tsoro ya koma abin hari.

Matsala ta biyu ita ce rashin sakamako. Taurari suna faɗowa daga hasumiya, suna lilo da igiya a kan rami mai zurfi, dawakai suna tsallake karyayyar gada da keken doki a bayansu, amma jiki ba ya nuna ya ji. Idan ɗan kallo ya gane cewa faɗuwa ba ta karya ƙashi, to ba zai ƙara riƙe numfashi ba, komai tsawon hasumiyar.

Matsala ta uku, wadda ta fi sauran girma, ita ce an tara jigogi da yawa an hana kowanne lokacinsa. Hausawa na cewa idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A cikin fim ɗin akwai abubuwa biyu masu nauyi na gaske. Na farko shi ne halittar Frankenstein, wadda Shuler Hensley ya fito a matsayinta, mai magana da hankali, mai roƙon a bar ta ta rayu, abin da ya fi kusa da littafin Shelley fiye da fim ɗin Karloff. Na biyu shi ne mutuwar Anna a hannun wanda ya zo cetonta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya riƙe fim sukutum. Amma halittar ta zama kayan da ake fizga tsakanin ɓangarori biyu, mutuwar Anna kuwa an gaggauta share ta da nuna fuskarta a cikin gajimare tana murmushi. Haka ma batun mantuwar Van Helsing da tsohuwar alaƙarsa da Dracula, an taɓo shi an bar shi ba a warware ba.

Adalci ya wajabta a ambaci inda fim ɗin ya yi nasara. Mabuɗinsa, wanda aka ɗauka da hoton baƙi da fari, inda mutanen ƙauye suka cinna wa injin niƙa mai aiki da iska wuta, gaisuwa ce mai kyau ga ƙarshen fim ɗin James Whale na 1931. Haka nan fitowar liyafar rawa a birnin Budapest, inda Anna ta dubi madubi ta ga ita kaɗai ce a cikin zauren da ke cike maƙil, ta fahimci cewa duk mahalartan mashaya jini ne. Wannan fitowa ta yi tasiri ne saboda abin da madubin ya ƙi nunawa, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi cewa dabarar hoto tana iya yi wa tsoro hidima idan aka ba ta aikin ɓoyewa.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa matarka da 'yan kallo sun hango raunin abu ɗaya ne, kowa ya bayyana shi ta hanyarsa: matarka da alƙalami, 'yan kallo da ƙin komawa. An kuma ga cewa zargin kwamfuta zargin kayan aiki ne, wanda ke barin maginin ya tsira. Tarihin kamfanin Universal na baya-bayan nan ya ƙarfafa wannan fahimta. A 2017 ya sake gwada hanyar tarawa da The Mummy na Tom Cruise, da nufin kafa jerin finafinan dodanni, shirin ya rushe tun daga fim na farko. A 2020 kuma The Invisible Man na Leigh Whannell, wanda aka shirya da kimanin dala miliyan 7 a kan dodo ɗaya da ba a ganinsa, ya tara fiye da dala miliyan 140, ya kuma samu yabon matarka. Darasin da ke ciki ga mai tarke shi ne ya riƙa tambayar aikin da dabara ta yi wa jigo kafin ya yanke hukunci a kan yawanta.