Buroshi da Alƙalami: Nazarin Sana'ar Rubutun Allon Shago a Birnin Kebbi da Argungu

Duk wanda ya taso daga Birnin Kebbi ya nufi Argungu sai ya yi karatu, ko yana so ko ba ya so. Tun daga Badariya ko Rafin Atiku har ya fita gari rubutu ke biye da shi: sunan tela a saman ƙofa, "Ana Cajin Waya" a jikin kwantena, "Ba Shiga" a bakin zaure, gargaɗi ga masu zuba shara a bangon makaranta, addu'a a ƙeyar babbar motar da ta yi lodin albasar Aliero. Babu jaridar da ke da masu karatu irin na waɗannan rubuce-rubuce, amma marubutansu ba a san su ba. A gari ana kiransu masu zane, ko masu fenti, ko atis, kuma galibi ba a tunawa da su sai ranar da za a buɗe sabon shago, ko in zaɓe ya ƙarato.

Tun da aka yanko Jihar Kebbi daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi ya zama garin ma'aikatu da ofisoshi da makarantun kuɗi, kowanne kuwa yana buƙatar allo a bakin ƙofa. Wancan lokaci hannu ne ke yin aikin kaf. Yau inji ya karɓe mafi yawansa. Abin tambaya shi ne, mene ne ya rage da za a koya, kuma wa ya kamata ya koya?

Ana shiga sana'ar yadda ake shiga kafinta ko walda. Uba ko yaya ya kama hannun yaron da aka lura yana yawan zane a bayan littafi ya kai shi wurin maigida. Watannin farko ba ya taɓa harafi. Aikinsa wanke buroshi da kananzir, gauraya fenti, goge tsatsa daga jikin farantin ƙarfe da sanfefa, shafa fentin ƙasa, riƙe tsani. Masu gaggawa suna ɗaukar wannan a matsayin bauta, alhali rabin ilmin yana nan. A nan yaro ke gane cewa fentin mai in ya yi kauri buroshi ba ya tafiya, in ya yi ruwa sai harafi ya zubo da hawaye. A nan yake sanin cewa ƙarfen da ba a share masa tsatsa ba zai tofar da rubutun bayan damina ɗaya, cewa ja ya fi sauran launuka saurin koɗewa a rana irin ta Kabi, cewa a hunturu ƙura na manne wa ɗanyen fenti, don haka aikin waje na sassafe ne kafin iska ta taso. Buroshin da aka bari fenti ya bushe a gindinsa kuwa ya mutu, kuma maigida ba ya yafe wannan da wuri.

Daga nan sai layi. Ana shafa wa zare alli, mutum biyu su ja shi, a ɗaga tsakiyarsa a saki, ya bar miƙaƙƙen layi a jikin bango. Layi biyu, na sama da na ƙasa, su ne gidan harafi. Yaro zai yi makonni yana jan sanda tsaye, sanda kwance, da'ira, a jikin tsohuwar jarida ko kwali, har hannunsa ya daina rawa. Sai bayan haka ake ba shi kalma.

Inda sana'ar ta zama fasaha shi ne wurin tazara. Mai koyo yakan ɗauko rula ya raba wa kowane harafi fili daidai wa daida, ya gama ya ja da baya ya ga kalmar ta wargaje. Dalili kuwa ido ba tsawon tazara yake aunawa ba, yawan farin da ke tsakanin haruffa yake gani. A cikin kalmar KATAKO, in aka ba A da T tazara irin wadda za a ba H da I, sai a ga rami a tsakiya, domin A ta tsuke daga sama, T kuma ta buɗe daga ƙasa. Dole a matso da su har kafaɗar T ta leƙa kan A. Haka O da S da C: in aka tsayar da su cif a kan layi sai su yi kamar sun fi sauran ƙanƙanta, don haka gwani yakan bar su su ɗan tsallake layin sama da na ƙasa. Ba maigidan da ke karanta wa yaro wannan daga littafi. Cewa kawai zai yi, "Kai, ja baya ka duba," in yaron ya ce bai ga komai ba, ya ce, "Ƙara ja." Wata rana sai idon ya buɗe.

Akwai kuma sanin mai karatu. Allon da ɗan kabu-kabu zai karanta yana gudu daban yake da na cikin kasuwa inda ake tafiya a ƙasa. Masu sana'ar a ƙasashen waje suna da ƙiyasi: kowane inci ɗaya na tsayin harafi ya fi karantuwa daga nisan ƙafa goma. Namu ba su faɗinsa da lissafi, amma nagari cikinsu sukan tsallaka titi su tsaya inda mai wucewa zai tsaya kafin su ɗora alli. Su ne kuma ke jayayya da mai shago da ke son a cusa sunansa da na mahaifinsa da lambobin waya uku da duk abin da yake sayarwa a allo mai faɗin kamu huɗu. Ga wanda bai yi boko ba, hoto ne rubutun: almakashi da kai mai sabon aski, injin niƙa, kifi, keken ɗinki. Wasu masu zanen ba sa son zana mai rai saboda dalilin addini, sai su zuba ƙwarewarsu a furanni da ganye da kwalliyar gefe, kuma sau da yawa aikinsu ya fi kyau saboda wannan takura.

To amma daga ina hannun ya samo asali? A nan nake ganin ana yi wa sana'ar gurguwar fahimta, har su masu ita. Ana ɗaukarta baƙuwa ce da ta zo tare da boko da kantunan Turawa. Fentin gwangwani baƙo ne, gaskiya. Hannun kuwa ɗan gida ne. Ƙasar Gwandu da Kabi ƙasar alƙalami ce tun kafin Bature. A Gwandu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, kuma littattafansa da hannu aka yi ta kwafarsu ana yaɗawa. Duk yaron da ya yi makarantar allo ya feƙe alƙalami, ya tsaga bakinsa, ya ga yadda faffaɗan baki ke ba da layi mai kauri in an ja shi ta nan, siriri in an ja shi ta can. Buroshin rubutu mai shimfiɗaɗɗen baki haka yake aiki, girma kawai ya fi.

Wannan dangantaka ta wuce kamanni. Manyan haruffan boko da muke gani a alluna sun samo siffarsu daga rubutun Rumawa na kan dutse, wanda mafi shahara shi ne na gindin hasumiyar Trajan a birnin Rum, ta shekara ta 113 Miladiyya. Wani limamin coci Ba'amurke, Edward Catich, wanda shi kansa ya yi sana'ar rubutun allo a Chicago tun yana matashi, ya kawo hujja a littafinsa na 1968 cewa da shimfiɗaɗɗen buroshi aka fara zana waɗannan haruffa kafin masassaƙi ya bi su da kurfi. A ɓangaren Larabci kuma, Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a 940, shi ake jingina wa tsarin auna kowane harafi da ɗigon bakin alƙalamin da ya rubuta shi. Ashe rubutun biyu da ke gaban mai zanen Birnin Kebbi, boko da Larabci, duk 'ya'yan faffaɗan baki ne. Gardin da ya iya rubuta allo da kyau ya riga ɗan sakandare nisa a wannan hanya, sai dai babu wanda ya gaya masa.

Ga kuma zayyana, adon da ake yi wa allon wanda ya sauke Alƙur'ani: murabba'i cikin murabba'i, saƙa mai shiga da fita, ja da ɗorawa da kore da baƙi, an raba fili an cika shi ba tare da ya cushe ba. Mai zayyana ya san daidaito, ya san inda za a bar fari. A Kano, Sharif Bala Gabari ya rubuta Alƙur'ani da hannu, aka ɗauki hoton rubutun aka buga, ya bazu a makarantun allo na ƙasar Hausa da maƙwabta. Wato inji ne ya bi hannu. A allon shago kuwa an juya lamarin.

A 1982 kamfanin Gerber na Amurka ya fito da na'urar da ke yanka haruffa daga roba mai manne, kuma cikin 'yan shekaru masu buroshi da yawa a can suka rufe shago. Mu guguwar ta iso mana daga baya, da kwamfuta da CorelDRAW da babban injin buga ledar talla da ake kira fileks. Bai kamata a yi wa fileks ƙarya ba. Yana da sauri, yana ɗaukar hoton fuska yadda take, kuma ɗan takarar da ke son kwafi ɗari kafin Juma'a ba shi da wata hanya. Aibinsa rana da iska: launinsa ya koɗe, gefensa ya yage, ya koma shimfiɗar shanya barkono. Ba ya kuma hawa ko'ina. Bangon laka, katangar firamare mai tsawo, jikin tankar ruwa, katakon bodin babbar mota, gefen jirgin ruwa a Yawuri, duk har gobe sai buroshi.

Kuskuren da masu hannu suka yi shi ne shiga tsere da inji a filinsa. Yaro ya je shagon kwamfuta a buga masa kalmar, ya yanke ta a kwali, ya manna a bango ya bi da soso. Aikin ya fito tsaf, amma ba na kowa ba ne, kuma yaron ya shekara uku bai koyi jan harafi ɗaya da ka ba. Ranar da aka ba shi bango mai taga a tsakiya, ko suna mai tsawo a ƙunƙuntar wuri, sai ya tsaya, domin kwali ba ya tsukewa, ba ya miƙewa. Gwanin da ya koya da hannu zai rage wa haruffan ƙiba, ya ɗaga wasu, ya lanƙwasa layin ya zagaye tagar, mai shago ya ɗauka da ma haka aka tsara.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne batun lanƙwasa. Tun shekarun 1930 aka shigar da ɓ da ɗ da ƙ cikin rubutun Hausa, a zamanin da Zariya ke fitar da littattafan farko na boko, kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Yawancin salon haruffan da ke cikin kwamfutocin shagunan bugu ba su da waɗannan uku, shi ya sa mai fileks ke zubar da su. Buroshi ba shi da wannan uzuri. Juyi ɗaya na wuyan hannu ya isa. Amma da yake mai buroshi ya koma kwaikwayon takardar kwamfuta, shi ma sai ya zubar, masaukin baƙi ya zama na baki. Ƙara da "ba'a" a inda ake nufin "ba a", da haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Yara kuwa daga bango suke fara ganin Hausa a rubuce kafin su gan ta a aji. Maigidan da ya koya wa yaransa tazara ya kamata ya koya musu ƙa'idar rubutu a zama ɗaya, har da sanin cewa da an wuce Kamba aka shiga Nijar, abin da muke rubutawa 'y su ƴ suke sa masa. Akwai ma zaɓin da mai zanen Kabi ke da shi wanda na Kano ba shi da shi: ya rubuta kifi yadda littafi ya ce, ko kihi yadda mai sayarwar ke faɗi. Ni dai ban ga laifin na biyun ba a allon mai suya, in da gangan aka yi.

Wasu ƙasashe sun gane darajar irin wannan aiki. A Buenos Aires ta Ajantina akwai salon ado da rubutu da ake kira filete, wanda ya faro a jikin amalanken dawaki, ya hau manyan motoci da bas-bas, da furanni da inuwar haruffa da gajerun maganganun hikima. A 2015 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gada. Shekara ɗaya bayan haka, a 2016, bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerin nan. Duk wanda ya kalli hoton motar filete ya kuma kalli bodin katakon da ke lodi a kasuwar Jega zai ga 'yan uwan juna ne: kwalliyar gefe, harafi mai inuwa, karin magana a goshi. Bambancin, can an san sunayen gwanayen, ana buɗe aji ana koyarwa.

Bikin Argungu, wanda ake ƙirga farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, yana tara baƙi daga ko'ina zuwa bakin Matan Fada, kuma duk rumfa da ƙofar shiga da wurin baje kolin amfanin gona suna buƙatar rubutu. Kasuwa ce da ta dace da masu hannu, in masu shirya bikin za su ware musu ko da ƙofofin shiga ne. Gidan tarihi na Kanta, da aka buɗe a tsohuwar fada a 1958, yana adana makamai da kayan sarauta da na kamun kifi. Tsofaffin allunan shaguna da ƙyauren bodin mota da ake farfasawa a yi itacen girki su ma sun cancanci ɗaki a irin wannan gida. Ga kuma Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Abu mai sauƙi ne a gayyato tsohon mai buroshi da mai zayyana su zauna da ɗalibai na 'yan makonni, a haɗa su da malamin Hausa. Kayan aikin ba su da tsada: buroshi uku masu faɗi daban-daban, gwangwanin baƙi da na fari, alli, zare, da tarin tsofaffin jaridu. Abin da ke da tsada lokacin maigidan ne, kuma sai an biya shi kafin ya rufe shago ya zo.