Mambila: Gani Ya Kori Ji

Duk ɗan Faskari, Ƙanƙara ko Sabuwa da ke ganin ya gama sanin Arewa, to da sauransa muddin bai hau tsaunin Mambila a Jihar Taraba ba. Wallahi wuri ne da ke sa mutum tasbihi!

Daga Jalingo za ka bi ta Bali da Serti, sai Mayo-Selbe, inda hanya ke fara naɗe dutse, kwana bayan kwana. Mota na nishi, kunne na toshewa, can sai ka ɓullo a bisa, kimanin mita 1,600 sama da teku. Tuddai kore shar iya ganinka, hazo kwance cikin kwaruruka. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke koro mu tsakar gida, mutanen garin Gembu da ke bisa tsaunin da bargo suke kwana.

Abin da ya fi tafiya da hankalina gonar shayi ce ta Kakara, inda ake yin Highland Tea. Masu tsinkar ganyen na ratsa layuka da kwanduna a baya, suna zaɓen sabon toho kaɗai, yatsunsu jiƙe da raɓa. Ka sha shayin nan da madarar da aka tatso da safe, ka ji bambanci! Shanun Fulani kuwa, jajaye masu dogon ƙaho, sun yi ɓul-ɓul, ga ciyawa, ga ruwa. Manomin masarar Sabuwa zai daɗe tsaye yana kallon yadda Mambilawa ke noma a jikin gangare, ga ayaba, fiya da dankalin Turawa kewaye da gidaje.

Mutanen ma abin so ne. A kasuwar Nguroje za ka ji Mambilanci, Fulatanci da Hausa a rumfa ɗaya, kuma baƙo ba ya rasa mai ce masa sannu da zuwa. Yankin ya shigo Najeriya ne bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, ƙaramar hukumar kuma sunan Sardauna take ɗauke da shi. Nan kusa ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419.

Ku bari a gama girbi, ku haɗa kuɗin mota, ku ɗauki rigar sanyi, ku yi tafiyar da rana. Mu da muke da Mambila, bai kamata mu riƙa jin labarinta a bakin wasu ba.