Ɗebo ƙarin ma'aikata ba ya ceto manhajar da ta makara

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da manajojin ayyukan manhaja shi ne, da zarar wa'adi ya matso aiki bai kai ko'ina ba, sai ka ji an ce a ɗebo ƙarin ma'aikata. Gani suke kamar gayya ce a gona, kowa ya kama kunyarsa a tashi kafin azahar. To, kunya ba ta jiran ta kusa da ita, amma kowane sashe na manhaja a jingine yake da wani. Sabon zuwa sai an zaunar da shi an nuna masa yadda aka ƙulla komai, kuma wa zai nuna masa in ba gwanin da kowa ke jira ya kammala aikin ba? Mutum 5 hanyoyin magana 10 ne a tsakaninsu, mutum 20 kuwa 190. Hannu ya ninka sau 4, taro da tambaya sun ninka sau 19.

Ba yau aka gano haka ba. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin OS/360 a IBM, ya bayyana shi tun 1975 a littafinsa The Mythical Man-Month, amma har yau ana yi. Dubi HealthCare.gov, shafin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka: ya buɗe ranar 1 ga Oktoba 2013 da kamfanonin kwangila rututu a bayansa, ya durƙushe a ranar farko. Ma'aikata ba su yi ƙaranci ba. Wanda zai riƙe ragamar haɗa sassan ne aka rasa, gwajin shafin dungurungum kuma sai dab da buɗewa aka yi shi. Bai miƙe ba sai da aka damƙa gyaran a hannun Jeff Zients, aka jera kurakuran, aka fara da mafi muni.

Na yarda, in da sauran watanni kuma aikin yana rabuwa, ƙarin mutum yana da amfani, kuma akwai ranar da doka ko kwangila ta kafa, ba ta matsawa. Amma in rana ta kafu, sai a rage kayan da za a saka. Manaja ya je gaban mai aiki tun da wuri, ya nuna masa abin da zai fito a kan lokaci da abin da zai jira fitowa ta biyu. Wannan zaman ne suke gudu, domin sa hannu a takardar ɗaukar ma'aikata ya fi musu sauƙi da kallon idon mai kuɗi.