Kalmar En'e da Kuskuren Masu Fassara Ta

Daga cikin kalmomin da mulkin Ingilishi ya bar wa Hausa, da wuya a sami wadda ta kai En'e gajarta, ko ta fi ta nauyi a bakin Basakkwace. Asalinta haruffa biyu ne na Turanci, N da A. Da yake Bahaushe ba ya haɗa gaɓa da wasali tsirara, sai ya sa hamza tsakaninsu, ya ce En'e, yadda ya yi wa Di'o. Ya kuma mai da ita mace, ko da yake ba ta ƙare da wasalin a ba, watakila don hukuma yake gani a zuciyarsa: En'e ta hana, En'e ta ɗauke shi aiki. Amma wajen mallaka tafarkin kalmar gwamnati ta bi, aka ce En'en Sakkwato. Jam'inta kuwa En'e-En'e.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wata al'ada da ta shigo hannun masu rubutu da masu koyarwa, watau fassara En'e da "ƙaramar hukuma", don ɗalibai su gane da sauri. Saurin nan kuwa ɓarna ne.

A Turancin kansa haruffan nan suna ɗauke da abu biyu. Akwai Native Authority, wanda a doka shi ne mai ikon, watau sarki shi kaɗai, kafin a haɗa shi da majalisarsa a farkon shekarun 1950. Akwai kuma Native Administration, watau ofisoshi da ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa. Hausa ta zuba su a ƙwarya ɗaya. Saboda haka in aka ce En'e ta yanke shawara a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya hau a 1938, fada da majalisa ake nufi. In kuwa aka ce wane yana aikin En'e, to albashinsa daga baitulmali yake fitowa, ko malamin makaranta ne, ko malamin haraji, ko malamin asibiti. Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta wannan ƙofa ya shiga duniyar mulki, daga hakimcin Rabah zuwa Gusau.

Har ila yau kalmar tana rarrabe abubuwa gida biyu, na En'e da na Gwamnati. Ɗan doka na En'e ne, ɗan sanda na Gwamnati. Kotun alƙali da gidan yari da jangali duk a hannun En'e suke. Ga talaka, ita ce hukumar da yake gani da idonsa. Shi ya sa ta zama kalmar siyasa tun 1950, shekarar da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nemi Majalisar Jihar Arewa ta gyara tsarin, aka kuma kafa NEPU a Kano. A bakin ɗan NEPU, En'e zargi ne. A bakin bafade, mutunci ne.

To, wanne daga cikin waɗannan ƙaramar hukuma ta gada? 'Yan doka da kotuna da gidajen yari sun fita daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, zamanin mulkin Janar Gowon, sa'an nan gyaran 1976 ya shafe tsarin baki ɗaya. Ga kuma batun girma. Lardin Sakkwato ya ƙunshi En'en Sakkwato da Gwandu da Argungu da Yawuri, ta Sakkwato ita kaɗai kuwa ta haɗa har da Gusau da Ƙauran Namoda, ƙasar da aka yanka Jihar Zamfara daga cikinta a 1996. Jihar Sakkwato ta yau tana da ƙananan hukumomi 23, Zamfara 14. Ɗalibin da aka gaya wa Sardauna ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, sakatariyar garinsu zai hango, ba zai fahimci abin da 'yan NEPU suka yi jayayya da shi ba.

"Hukumar gargajiya" ta ɗan fi dama, amma ita ma tana ɓoye hannun Bature, domin dokar 1916 ta Lugga ce ta tsara wa sarakuna wannan matsayi. Abin da ya fi wa malami shi ne ya bar kalmar yadda take a allo, ya bayyana ta.