Bitar Kwana Biyu Ba Ta Yaye Ma'aikaci

Mai karatu, idan ka biyo hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi ta Ambursa, za ka ga yadda shinkafa ta canza wannan yanki. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, a 2017 aka buɗe kamfanin WACOT a Argungu, ga Labana a Birnin Kebbi, ga kuma ƙananan injinan casa birjik. An zuba kuɗi a ƙarfe. To, su mutanen da ke juya ƙarfen fa, wa ke ba su lokacinsa?

Abin da aka fi sabawa da shi shi ne taron bita. A kama ɗaki a otal, a ɗauko masani, a yi kwana biyu, a raba takardar shaida da kuɗin mota, a watse. Maigida ya ji ya sauke nauyi. A ganina wannan ita ce hanya mafi rauni, kuma akwai dalili.

Tun 1885 masanin nan Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, sai in an riƙa maimaitawa. Ɗauki misali: ana son danshin shinkafa ya sauka zuwa kusan kashi 14 cikin 100 kafin a saka ta a inji. In ta bushe da yawa ta kakkarye, in da sauran danshi ba ta casuwa da kyau. Za ka iya faɗa wa yaro wannan a minti ɗaya. Amma kafin hannunsa da idonsa su gane, sai wanda ya iya ya tsaya a kansa, yau da gobe, yana gyara masa.

An gwada abin a Dandora da ke Nairobi, a wani bincike da aka wallafa a 2018. An raba mata masu ƙananan sana'o'i: wasu aka kai su aji, wasu aka haɗa su da ƙwararriyar da ta daɗe a sana'ar. Ribar na biyun ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, su kuwa 'yan aji ribarsu ba ta motsa ba. Sai dai fa da haɗuwar ta yi sanyi, ribar ma ta ja baya. Wato abin ba na sau ɗaya ba ne.

A Indiya ma, Nicholas Bloom da abokan aikinsa sun bi masaƙu a kusa da Mumbai, inda ƙwararru suka shafe watanni a cikin masana'antar suna koyar da tsarin aiki. A shekarar farko aikin da ake fitarwa ya ƙaru da kashi 17 cikin 100. Sun kuma lura cewa masu kamfanonin ba sa yarda su miƙa ragama ga wanda ba ɗan gida ba, shi ya sa girman kamfani ke tsayawa daidai yawan 'yan'uwan maigida. Ka san irin wannan a kasuwarku, ko?

Za ka ce, to in na horar da shi ya gudu fa? Tsoron na da tushe. Gary Becker ya yi bayaninsa tun 1964: ƙwarewar da ke da amfani a ko'ina, ma'aikaci zai iya tafiya da ita. Amma iyayenmu 'yan kasuwa sun san maganinsa. Yaron shago ya san bayan shekaru ubangidansa zai sallame shi da jari, ya zama abokin ciniki. Wannan alkawarin ne ke riƙe shi. Laifin tsarin kawai shi ne babu rubutu, babu wa'adi, shi ya sa wasu ke tsufa suna jiran sallama.

Saboda haka, in kana da ma'aikata, duba makonka. Awa nawa ka tsaya kusa da ɗayansu kana koya masa, ban da faɗa? Ware ko awa biyu, ka ba shi aikin da zai yanke hukunci da kansa, ku zauna ku duba sakamakon tare. In kuma kai ne ma'aikacin, kafin ka karɓi aiki, bayan albashi ka tambaya: wa zai koya mini, kuma yaushe?